Tunkiyarmu ni da Sale

Tun da na ajiye aiki na dawo Dutsin-Ma, likita ya ɗora mini tafiyar ƙafa kullum bayan la'asar, wai saboda hawan jini. Ni kuwa ba ni da wurin zuwa. Abokan da na bari a garin, wasu suna maƙabarta, wasu suna wajen 'ya'yansu a Katsina ko Abuja, waɗanda suka rage kuma kunne ya yi nauyi, sai ka yi ta ɗaga murya kamar faɗa kuke yi. Don haka ƙafata ta zaɓar wa kanta hanya, ta bayan tsohuwar makarantarmu ta sakandare. Inda gonar makaranta take a da, wadda in ka tsaya a wannan gefe ba ka gane mutumin da ke wancan gefen, yanzu azuzuwa ne da gidajen malamai da wani dogon gini da ban san na mene ne ba. Wata 'yar kusurwa kawai aka bar wa noma, an kewaye ta da waya. Nan nakan dogara sandata in yi kallo. Yara maza da mata suna shuka tumatir da alayyahu a buhunan siminti, ga kejin kaji, ga awaki uku a turke. Suna yi da gaske, ba zan zalunce su ba, har na ga wata yarinya ta buɗe bakin akuya tana duba haƙoranta kamar 'yar dillali. Amma da an kaɗa ƙararrawa sai kowa ya wanke hannu, malamarsu ta ɗauki hoton shukar da waya, a watse. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ni wane ne, ni ma ban taɓa faɗa ba.

A zamaninmu noma ba darasin awa ɗaya ba ne. Makarantar kwana ce, kuma da an idar da sallar asuba sai a bugi ƙarfen tayar motar da aka rataye a darbejiya, kowa ya saɓa fartanya. Kowane ɗalibi yana da kunyoyinsa, da ɗan katako mai sunansa a kafe a kansu, ta yadda rago ba shi da wurin ɓuya, ciyawa ce za ta tona shi. Har yanzu in na rufe ido nakan ji ƙarar fartanya idan ta ci karo da tsakuwa, da kukan tumaki daga garke suna kiran a buɗe musu, da raɓa tana jiƙa mana wando har gwiwa. Sai rana ta ɗan ɗaga ake sallamarmu mu je mu sha koko, hannu duk kanta, cikinmu na ƙugi. Mun yi ta tsine wa wannan aiki a lokacin. Yau da za a ce in koma ko na safiya ɗaya ce, da na bayar da abin da na mallaka.

Malamin nomanmu Malam Isiyaku ne, wani siririn mutum mai tafiya da sauri, wanda ban taɓa ganin takalminsa ba laka ba. Allon aji bai dame shi ba. Sai ya tsinko ganye ya miƙa maka ya ce ka faɗi sunansa, da abin da ke cinsa, da abin da yake yi wa wanda ya ci. In ka kasa, ba ya duka, sai dai ya kalle ka kallon da za ka gwammace bulala. Kullum maganarsa game da dabba ɗaya ce: "Kafin ka kai loma bakinka, je ka ga ko ta ci. Ita ba za ta zo ta gaya maka ba." Shi ne ya shimfiɗa tsarin da muka tarar, cewa in an shiga ajin ƙarshe ana haɗa ɗalibai biyu-biyu a ba su tunkiya ɗaya su kula da ita. Abin da ta haifa na farko nasu ne, su tafi da shi gida ranar barin makaranta. Amma in dabba ta mutu ta hanyar sakaci, sai an kira uban wanda ya yi sakacin, ya zo ya ji da kunnensa a gaban ajin.

Ni ɗan gari ne, ɗan fatake. Mahaifina hatsi yake saya yana sayarwa a kasuwar Dutsin-Ma, kuma a gidanmu a buhu muka san dawa da gero. Ina iya gane sabuwar dawa da tsohuwa da na zuba a tafin hannu, amma in ka kai ni gona tana ƙarama ka ce in raba ta da gero, to ka gama da ni. Alhaji bai so bokon nan ba tun farko, kawuna ne ya matsa. Ranar da aka kai ni, a bakin ƙofar makaranta ya ce mini: "Ƙara ɗaya in ji a kanka, ko ta ƙaramin abu ce, ka dawo rumfa ke nan." Alhaji kuwa ba ya magana biyu.

Wanda aka haɗa ni da shi Sale ne, daga wani ƙauye a gefen Wurma ta ƙasar Kurfi. Baƙi ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, Turancinsa kuma abin dariya ne a aji. 'Yan gari sukan kwaikwayi maganarsa, su tambaye shi ko a garinsu an taɓa ganin mota. Shi dai murmushi yake yi. Amma da an fita gona sai kowa ya shiga taitayinsa. Sale yakan gama kunyoyinsa ya zauna yana sassaƙa ƙota, mu ko rabi ba mu yi ba. Ya san sunan kowace ciyawa, ya san wadda ke sa nono da wadda ke sa zawo. Malam Isiyaku kansa in ya rasa wanda zai ba da amsa sai ya ce, "To, Sale, fitar da mu." Abin da Sale yake da shi ke nan a makarantar, ba shi da wani, kuma ya ishe shi ya ɗaga kai. Yakan kira ni Ɗan Alhaji, ni kuma ina taimaka masa da Turanci, shi yana gyara mini huɗa. Kwano ɗaya muke ci.

Tunkiyarmu 'yar ƙasa ce, fara sol, da baƙi zagaye da idanunta, sai Sale ya sa mata suna Mai Kwalli. Mun raba aiki ba tare da an yi zama ba. Ni ne mai ɗebo ruwa da share turke da kwashe taki, shi ne mai yanko ciyawa da haɗa dusa da kanwa, don ya ce in ya bar mini lauje wata rana tabarma zan yanko mata. Ban san za a iya son dabba haka ba sai a kanta. In ta hango ni da bokiti sai ta fara kuka tana jan igiya, ta zo ta goga goshinta a gwiwata. Da damina ta ja baya cikinta ya fito sosai. Sale yakan durƙusa ya dafa gefen cikin, sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, wanga ciki ba na ɗaya ba ne." Ya riga ya gama lissafin rayuwarsa a kan abin da za ta haifa. A gidansu ba sauran tunkiya ko ɗaya, ciwo ya share su shekarun baya, don haka da tasa za a sake kafa garke. Ni kuwa ban san me zan yi da tawa ba, sai dai ina jin daɗin a ce ina da ita.

Bayan an girbe dawar makaranta an kwantar da kara, sai ƙasa ta fara bushewa, ciyawa ta yi ja. Wata safiyar Asabar Sale ya tashi da zazzaɓi mai zafi, haƙoransa na haɗuwa. Daga cikin bargo ya ce mini, "Ka ɗebo harawa a sito, ka sa mata dusa kaɗan. Kada ka tahi yankan komi, ka ji ko?" Na ce na ji. Na ɗebo harawar waken, na zuba mata, ta shinshina ta ɗan taɓa ta bari. Sai tausayinta ya kama ni. Na ce a raina, mai ciki kamar wannan a ce busasshen abu za ta yi ta tauna? A can ƙasan gonar, wajen da ke kusa da rafi, ƙasa ba ta gama bushewa ba, kuma tun kwana biyu na lura kututturan dawar da aka yanke sun sake tofo, ganye shar, mai laushi, ba irinsa a duk filin. Har mamaki nake yadda Sale yake wuce shi kullum bai gani ba. Na ɗauki laujensa na je na yanko runguma guda, ina tafe ina jin kaina, yau ni ma zan nuna masa na san abu mai kyau. Mai Kwalli ta faɗa wa ganyen kamar ta shekara ba ta ci ba. Na tsaya ina shafa bayanta har ta cinye, sannan na tafi shan koko.

Gyauro ake kiran wannan tofon, kuma duk yaron da ya tashi a ƙauye ya san guba ne ga dabba, kamar yadda ya san wuta tana ƙuna. Malam Isiyaku bai taɓa koya mana ba, ina jin bai zaci akwai wanda bai sani ba. Ban gama kokon ba wani ya shigo ya ce tunkiyarmu ta faɗi. Na tarar da ita a kwance, cikinta ya kumbura, tana numfashi da ƙyar, kumfa na fita ta bakinta, ƙafafunta na shure-shure. An aika a kira Malam, an aika a nemo wuƙa don kada ta yi mushe, amma kafin wuƙar ta iso ta gama. Sale ya iso yana tangaɗi, bargo a kafaɗa. Ya durƙusa ya ɗaga kanta, sai idonsa ya kai kan wani guntun ganye da ya rage a gindin turke. Ya ɗauka ya duba, ya dube ni sau ɗaya, ya cusa shi a aljihu.

Malam Isiyaku ba ya barin komai ya wuce ba a koyi wani abu ba, ko da mutuwa ce. Ya sa aka tara ajinmu, aka ja ta bayan garke, ya farke cikin a gabanmu. Ya buɗe tumbin ya zaro ganyen da hannunsa, kore shar, ko narkewa bai fara ba, ya ɗaga ya nuna wa kowa. Sannan ya fito da 'ya'yan, guda biyu, duka mata, har gashi ya fito musu. Ya shimfiɗa su a kan kara.

"Wa ya ba ta gyauro?" in ji Malam.

Rumfar Alhaji kawai nake gani, da mudu, da buhuna har rufi. Na ce bari in haɗiye yawu tukuna in yi magana. Ina cikin haɗiyewa na ji muryar Sale.

"Ni ne, Malam. Jiya da marece na yanko. Zazzaɓin ya fara taso mani, ban duba ba."

Malam ya daɗe yana kallonsa. "Kai, Sale? Ɗan Wurma?"

"Ni ne, Malam."

Malam ya juyo ya dube ni, ya ba ni lokaci, wallahi ya ba ni lokaci mai yawa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Daga nan ya ce a haƙa rami a binne su, a kuma aika wa mahaifin Sale.

Tsohon ya zo bayan kwana uku, a ƙafa tun daga ƙauyensu, da rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya tsaya a gaban aji yana riƙe da hularsa ta malfa, Malam ya gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Bai yi faɗa ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Gyauro, Sale?" Sannan ya juya wajen Malam ya ce, "Malam, a yi haƙuri. In dai shi ya yi wanga aiki, to ni ne ban koya mashi komi ba." Ya sa malfarsa ya fita. Tun daga ranar 'yan gari suka samu abin da suke nema. Ko a gona Sale ya buɗe baki sai wani ya ce a tambayi masanin gyauro. Malam bai ƙara cewa Sale ya fitar da mu ba, ina jin don kada ya jawo masa dariya ne. Yaron ya koma yin aikinsa shiru, ya gama ya zauna can gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne bai canza mini ba. Da an rarraba abinci sai ya ɗauko kwano ya nemo ni. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Ni ne na kasa. Na fara cewa na ƙoshi, na fara cewa ina da karatu, daga baya na koma cin abinci da wasu. Kullum ina cewa gobe zan je wajen Malam in faɗi gaskiya, goben kuma sai ta zo da nata dalilin. Har muka yi jarrabawa, aka raba wa sauran 'yan ajin 'yan tumakinsu, kowa ya ja nasa da igiya zuwa tasha. Sale ya ɗauki akwatinsa a ka, hannu ba komai. Ya ce mini, "Sai ka zo Wurma, Ɗan Alhaji." Na ce in sha Allahu.

Ban je ba. Na wuce karatu, na samu aikin gwamnati, aka yi ta yawo da ni gari-gari, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar. Shi ya koma gona. Shekaru da yawa in na zo hutu sai a ce mini wani mutumin Kurfi ya bar mini saƙo a rumfa, wani lokaci wake, wani lokaci gyaɗa, sau ɗaya har da zabi biyu. Sai in ce a yi masa godiya in ya dawo. Akwai ranar da na hango shi a kara, wato kasuwar dabbobi, wajen masu awaki, ya yi furfura, yana ciniki yana wannan murmushin nasa. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Ni da babbar rigata da hulata, uban 'ya'ya, na zagaya ta bayan wata motar itace na sulale. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ba wata tafiya ba ce, amma na yi hajji, na yi umara, ban taka ƙauyen Sale ba. A hankali saƙon ya daina zuwa, na kuma ji sanyi a raina da ya daina, abin kunyar ke nan.

A bana, bayan na fara wannan tsayuwa a bakin waya ina kallon yaran nan da awakinsu, na yanke shawara zan je in same shi in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun muna yara. Na ce bari ruwa ya ɗauke hanya ta yi kyau. Ruwa bai ɗauke ba wani direba ya gaya mini a masallaci cewa an yi jana'izar Malam Sale na wajen Wurma, yau kwana biyar.

Washegari na hau mota zuwa Kurfi, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ni. Gidan na ƙasa ne, amma babba, kuma tun daga waje kana jin kukan tumaki a ciki. Babban ɗansa ya karɓe ni a zaure, na yi ta'aziyya, muka yi addu'a. Da na faɗi sunana da na mahaifina sai ya ɗago ya dube ni da kyau, ya ce in dakata, ya shiga ciki. Can sai na ji takun tsohuwa, matar Sale, ta zo ta tsaya a bayan zana, tunda tana takaba. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi.

"Ashe kai ne Ɗan Alhaji," in ji ta. "Yau dai Allah ya kawo ka."

Na ce, "Hajiya, akwai maganar da na zo da ita, na makara. Wata tunkiya ce tun muna makaranta."

"Ta gyauro? Ai duk gidan nan ba wanda bai san ta ba. Da ita ya koya ma ɗiyanshi kiwo. Yakan ce abokinshi ya kashe tunkiya don tsabar son da yake mata, ya yi ta dariya. Ko mahaifinshi tun a hanyar komawa gida ya gane, daga baya ya ce mashi ya kyauta."

Na ji tana gyara mayafi.

"Abu ɗaya ne bai gane ba har ya koma ga Allah. Yakan ce, mi na yi ma Ɗan Alhaji ya yanke ni? Daga baya sai ya ce halan da ya amsa laifin a gaban mutane, ka ji kamar ya raina ka ne, kamar ya ce ba ka iya tsayawa da kanka. Abin ya tsaya mashi a rai. Da ciwon ya yi tsanani ya ce mani, in Allah ya sa ka zo bayan ba shi, in roƙar mashi gafara wurinka. To, ga shi na isar, Alhaji. Ka yafe mashi."

Na buɗe baki in ce ni ne na zo roƙo, sai na ga ba wanda zan roƙa. Ɗansa yana zaune yana kallona, ita kuma tana tsaye a bayan zana tana jiran ta sauke amanar da aka bar mata.

Na ce, "Na yafe, Hajiya."

Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ciki. Ɗan ya rako ni har bakin hanya, ya tsaya tare da ni sai da aka samu mai babur.